Sunan da Ya Maƙale a Layin Tarho

Yaran yanzu ba su san kukan modem ba, kuma ba laifinsu ba ne. Wani ɗan akwati ne da ake haɗawa tsakanin kwamfuta da layin tarhon gida. In za ka shiga intanet sai ya buga lamba da kansa, ya yi tsuwa, ya yi gurnani, ya yi wani cuuu kamar an zuba albasa a mai mai zafi, sannan ya yi tsit. In ya yi tsit ɗin nan, to ka shiga. Muddin kuma kana ciki, tarhon gidanka ya zama hoto, don layi ɗaya ne, ko kai ko na'ura. Bukari yanzu furfura ta cinye masa gemu, amma har gobe yana iya kwaikwayon kukan nan da bakinsa daga farko har ƙarshe, ba ya tsallake ko ɗaya.

A watan Agustan 2001 yana zaune a Bron, gefen Lyon, hawa na huɗu a wani dogon bene, yana fama da rubutun digirinsa na uku a kan ƙasar noma. Matarsa Ruwaida haifaffiyar Lyon ce, iyayenta mutanen Tawa, Hausarta kuwa irin ta 'ya'yan da aka haifa a can ce, tana ji fiye da yadda take mayarwa. Ranar Litinin da hantsi ta haifi ɗiya mace. A wancan zamanin kwana uku doka ta ba uba ya je meri, wato ma'aikatar magajin gari, ya rubuta sunan jariri. Su Faransawa ina ruwansu da kwana bakwai, ina ruwansu da rago? Ranar Alhamis ƙarfe biyar na yamma za a rufe ƙofa, kuma dole a rubuta wani abu a takardar.

Sunan kuwa ba ya hannun Bukari. Shi ne ɗan fari a gidansu, wannan ita ce jikar fari, kuma a gidan mahaifinsa Malam Alasan na Mirriya kaka ne yake raɗa wa jikan fari suna. Matsalar ita ce shekara biyu ke nan Baba bai ce masa uffan ba. Da can duk bayan wata uku kaset yakan iso a hannun wani matafiyi, Baba ya cika fuska biyu da gaisuwa da labarin damina da wanda ya rasu da wanda ya gina sabon ɗaki. Da maganar auren Ruwaida ta taso, Bukari ya rubuta wasiƙa yana neman izini. Wasiƙar ta yi wata biyu a hanya, dangin yarinya suka matsa, aka ɗaura aure kafin amsa ta zo. Amsar ba ta taɓa zuwa ba, kaset ma ya ɗauke. Baba bai yi faɗa ba, bai yi baki ba, shiru kawai ya yi, kuma shirun ya fi duka ciwo.

Don haka ran Litinin ɗin, daga asibiti, Bukari ya buga wa ƙanensa Moussa, wanda yake aiki da wata ƙungiyar haƙa rijiyoyi a Damagaram. Ya ce masa ya je gida ya faɗa wa Baba an samu ƙaruwa, ya roƙe shi suna. In ya bayar, alhamdu lillahi. In ya ƙi, to shi ma amsa ce.

Ran Laraba da azahar Moussa ya kira, layin yana ta shashshaka.

"Yaya, Baba ya yi magana. Ya karɓi rediyona ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya fito ya miƙo mini kaset. Ya ce kada kunnen kowa ya riga na yarinyar. Na juye shi a na'urar wurin aikinmu, lasifika a kashe, na aiko maka ta imel. Tun safe yake tafiya, yanzu ya gama."

"Me ya ce a ciki? Fuskarsa fa, yaya ka gan ta?"

"Fuskar Baba ai ka santa. Ni dai ban saurara ba. Mota na jirana, za mu daji wajen Tanut, sai bayan sati."

Layin ya yanke. Bukari ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa, wadda ya saya hannu na biyu a wurin wani ɗalibi mai komawa gida, ya kunna modem. Aka yi tsuwa, aka yi gurnani, aka yi tsit. Ya buɗe akwatin saƙo, wani ɗan allo ya fito da rubutun Faransanci: ana karɓar saƙo na ɗaya cikin goma sha huɗu. A ƙarƙashinsa wani shuɗin zare ya fara tsawo daga hagu, a hankali, a hankali. Bukari ya sa farce a jikin gilashin don ya tabbata yana motsi.

Minti goma sha biyu, zaren ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sai modem ya yi ƙyat, tarho ya ɗauki ƙara. Wani ɗan Maraɗi ne daga Grenoble, ya ji abin arziki ya kira barka. Ina kwana, ina gajiya, ina mai jego, ina baƙuwa, Allah ya raya, Allah ya sa mahaddaciya ce. Bukari ya amsa duka, da fara'a ma, don mutumin kirki ne. Da ya koma ya sake haɗawa, zaren ya koma farko. Ba daga inda ya tsaya ba, a'a, daga farko, kamar ba a taɓa yin komai ba.

Sau biyar ya yi haka kafin la'asar. Jami'a a rufe take saboda hutun Agusta, balle ya je can. Shagon intanet na unguwa kuwa, ko da ya san yadda zai buɗe akwatinsa a wata na'ura, bai ga yadda zai saki muryar Baba a tsakiyar samari masu wasan harbe-harbe ba. Ya haɗiye girman kai ya buga wa Hamdiya.

Hamdiya ɗiyar gwaggonsa ce, taubashiyarsa, ta girme shi da shekara uku. Tana zaune a Goutte d'Or a Paris, a saman wani shagon sayar da atamfa, kullum da safe ta hau jirgin ƙasa zuwa Bobigny inda take kula da kwamfutocin wani ofishi. Hannunta na da albarka a kan na'ura, bakinta kuwa sai addu'a.

"Angon ƙarni," ta ce, "sai yau ka tuna kana da uwar ɗaki? Na ji ɗiyar ba ta ɗauko hancinka ba, mun gode Allah."

Ya bari ta gama, sannan ya zayyana mata komai. Da ya ambaci kaset ɗin Baba sai ta daina dariya.

"Kawu ya yi magana? To. Karanta mini abin da allon ya ce, harafi da harafi, ban da fassarar ƙauye."

Ya karanta mata. Ta tambayi nauyin saƙon, ya duba, ya ce mega takwas da ɗoriya.

"Mega takwas. Wallahi Moussa ya kyauta. Ya ɗauko buhun hatsi ya ce a shigar da shi ta kafar makulli. Saurara, saƙon nan shi ne na farko a layi, sai ya shigo gaba ɗayansa sannan sauran su biyo. In aka katse, sai a sake daga tushe. A layinka yana son minti arba'in ko hamsin ba tari ba atishawa. Kawo lambar sirrinka in sauke maka a ofishinmu gobe, minti biyu ya ishe ni."

"Baba ya ce kada kunnen kowa ya riga nata."

"Wa ya ce zan saurara?"

"Hamdiya, na riga na yi masa laifi ɗaya. Wannan karon yadda ya ce haka za a yi. A gidana zai sauka."

Ta yi tsaki, amma ba ta ja ba, don ta san kawunta kuma ta san irin da ya haifa. Ta ce ya ɗauko takarda da alƙalami. Nan fa aka shiga wahalar da 'yan yanzu ba za su gane ba: ba ya iya magana da ita yana kan intanet, ba ya iya hawa intanet yana magana da ita. Sai ta faɗa ya rubuta, ya ajiye tarho, ya gwada, abin ya watse, ya sake bugawa. Ta sa shi ya shiga wani lungu a cikin saitin ya ja lokacin jira daga minti ɗaya zuwa biyar. Ta sa ya cire alamar da take kashe layi in an daɗe ba a taɓa komai ba. Ta sa ya zare doguwar wayar da ya ja daga zaure ta ƙarƙashin darduma, ya kinkimo kwamfutar kacokan ya dasa ta a bakin soket, kusa da takalma. Duk ya yi. Zaren ya kai rabi a karon farko, har ya fara murmushi, sai ƙyat, tarho ya yi ƙara. Matar wani abokin karatunsa ce daga Villeurbanne, tana tambaya ko an samu mai dama kunun kanwa.

"Dakata," in ji Hamdiya da ya sake kiranta. "Duk lokacin da ya yanke, kira ne yake shigowa?"

"Kusan duka."

"Kana da double appel a layin nan? Abin nan da yake yi maka ɗan ƙara a kunne in wani ya kira kana magana?"

"Ina da shi. Saboda cikin Ruwaida na sa."

"Kai, Bukari. Shekara nawa kana karatu? Ɗan ƙaran nan shi yake firgita modem ya saki layi. Masu barka ne suke yanka ka, ɗaya bayan ɗaya, da kyakkyawar niyya. Ɗaga tarho ka danna tsani, huɗu, uku, tsani. Shi ke nan, duk wanda ya kira zai ji layi a cike."

Tsani shi ne sunan da suka sa wa maɓallin nan mai zane huɗu a gicciye. Bukari ya rubuta, amma ya ce anya kuwa.

"Mene ne kuma?"

"Satin haihuwa ne. Mutum ya kira barka ya ji na toshe layi? Alhaji surukina fa? In daga asibiti ne fa?"

"To zauna ka yi ta amsa Allah ya raya har a rufe meri, su rubuta mata Bernadette."

Bai danna a ranar ba, kuma kada a yi masa dariya da yawa. Mutumin da ya tashi a gidan da ba a rufe ƙofar zaure ko ana ruwa, ba ƙaramin abu ba ne a ce ya rufe ta a satin da aka yi masa haihuwa. Ga shi lokacin ziyara ya yi, ya tafi asibiti. Ruwaida ta dube shi sau ɗaya ta gane. Ta ce, rabi da Hausa rabi da Faransanci, in abin bai yiwu ba su sa sunan da suka ga dama, ai ɗiyarsu ce. Ta faɗa da murmushi, amma ya san abin da yake ƙarƙashi. Shekara biyu tana ɗauke da cewa ita ce dalilin shirun nan, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mata haka. Da ya dawo gida ya gwada sau biyu, aka katse shi sau biyu, ya haƙura ya kwanta.

Ran Alhamis da safe sai da ya kai wa Ruwaida kaya, ya karɓo takardar shaidar haihuwa daga hannun ungozoma, ya biya kasuwa saboda baƙi. Ƙarfe ɗaya ta wuce kafin ya zauna. Ya ɗaga tarho, ya ce Allah ya ba masu kira haƙuri, ya danna tsani, huɗu, uku, tsani. Gwajin farko ya mutu da kansa a minti na ashirin, ba dalili, haka layukan lokacin suke. Na biyu ya kama. Zaren ya wuce rabi. Ya wuce inda bai taɓa zuwa ba. Bukari yana tsugune a zaure tsakanin takalma, gwiwoyinsa sun yi tsami, ba ya son ya motsa kada iskarsa ta taɓa wani abu.

Abin da bai lissafa ba shi ne, mutanenmu in sun kira sau uku suka ji layi a cike, ba fushi suke yi ba, takalmi suke sawa. Ƙarfe biyu da rabi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Surukarsa ce, Hajiya Fatou, da ƙawayenta biyu, da kuloli, da buhun gero ɗan ƙarami da aka aiko mata daga Tawa tun bara take ɓoyonsa saboda wannan rana. Bukari ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su, ya tsallakar da su kan wayoyi, ya kai su falo, ya kawo ruwa. Ya leƙa allo: saura ɗan ƙiris, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ya shiga kicin ya ɗora shayi.

Daga can ya ji muryar Hajiya a ɗakin kwana, inda ɗaya kan tarhon yake.

"Bari in shaida wa Alhaji mun iso lafiya. A'uzu billahi, Bukari, mene ne wannan yake ƙara a tarhonku kamar an taka wutsiyar kyanwa? Shi ya sa tun safe ba a samunku."

Ya fito da butar shayi a hannu. Allon ya riga ya canza, an katse, saƙo na ɗaya cikin goma sha tara. Ya tsaya yana kallonsa. A ce wani ne, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma surukarsa ce, matar da ko ido ba ya haɗawa da ita, kuma ba ta san ta yi komai ba.

"Ya lalace ne, ɗana?"

"A'a, Hajiya, ba komai. Kira Alhaji, yanzu ya gyaru."

Ta kira Alhaji. Suka yi minti goma sha biyar, har da labarin wanda suka haɗu da shi a bas. Bukari yana tsiyaya shayi, ransa ya ɓaci, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa. Da ta ajiye, uku ta wuce. Ko da komai ya tafi daidai, in ya sake farawa sai kusan huɗu, sannan ya ji saƙon, kuma yarinyar ba ta gidan, tana asibiti. Sai a lokacin ya ga wautarsa tsirara: ko da saƙon ya sauka, da me zai kai shi kunnenta? Kwamfutar zai goya?

Ya ja tarho zuwa zaure ya buga Bobigny.

"Hamdiya, rubuta lambar sirrin."

Ba ta tsokane shi ba, wannan karon kaɗai. Ya faɗa mata, ya ji ƙarar maɓallai, ya ji ta tana numfashi.

"Ya sauka. Minti tara ne da 'yan daƙiƙu. Ban buɗe ba. Ba ni lambar tarhon da yake gefen gadon Ruwaida. Ƙarfe huɗu daidai zan kira, in kwantar da kan tarho a bakin lasifika, in danna, in fita waje in ja ƙofa. Wallahi ko kalma ɗaya ba zan ji ba. Abokin aikina ma zan kore shi ya je ya sha kofi."

Ya bar su Hajiya da girkinsu ya fita da gudu. Huɗu saura minti uku ya shiga ɗakin, gumi ya jiƙa masa riga. Ruwaida tana kishingiɗe, jaririyar tana barci a ƙirjinta, kanta a ƙarƙashin haɓar uwar. Tarho ya yi ƙara. Hamdiya ta ce, "Ga Kawu nan," aka ji ƙwas, aka ji takun takalmi yana nisa, aka ji ƙofa.

Da farko shuuu ɗin kaset ne kawai. Sai zakara ya yi cara, can nesa, zakaran Mirriya, a cikin ɗakin asibiti a Bron. Sai gyaran murya, wanda Bukari zai gane ko a cikin mutum dubu. Ya sunkuya ya raba kan tarhon tsakanin kunnensa da na yarinyar.

"Salamu alaikum, baƙuwa. Sannu da zuwa. Kin sha hanya."

Ba da Bukari yake ba. Daga farko har ƙarshe bai yi magana da shi ba, da jaririyar yake. Ya gaya mata ko shi wane ne. Ya ce mata damina ta yi kyau bana, gero ya fara fitar da kai a gonar gabas, ta yamma kuwa tsutsa ta ɗan taɓa. Ya ce bishiyar tsamiyar ƙofar gida iska ta karya mata reshe. Ya lissafa mata gwaggwanninta da baffanninta ɗaya ɗaya, da inda kowa yake aure ko aiki, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Bukari yana jin daɗin da ya manta akwai irinsa, idonsa kuma yana kan agogon bango. Huɗu da minti biyar. Da shida. Tsoho bai san da wata meri ba, ba ya sauri.

"Wancan da yake riƙe da ke," in ji Baba, don bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, "yana da taurin kai. Kada ki ga laifinsa da yawa, gado ya yi. Ran Litinin zan yanka miki rago a nan ƙofar gida, liman zai faɗa wa jama'a sunanki. Kafin nan ke kaɗai za ki ji. Kai kuma, sa mata a kunnen dama, ka ja da baya."

Bukari ya yi yadda aka ce. Ya ɗora kan tarhon a kunnenta na dama, ya miƙe tsaye, hannunsa kawai ya bari a wurin. Daga inda yake yana jiyo kiran salla siriri yana fita, a hankali, yadda ake yi wa jarirai. Yarinyar ta motsa baki, ba ta farka ba. Kiran salla ya ƙare. Sai shiru.

Ashe Baba raɗa ya yi. Yadda ake yi tun kakanni, ya kai bakinsa jikin rediyon Moussa ya raɗa sunan, kamar kunnen jikar ne a gabansa. Raɗar da ta bi ta kaset, ta bi ta na'urar masu rijiya, ta fito ta lasifika a Bobigny, ta sake shiga waya zuwa Lyon. Bukari bai ji komai ba sai shuuu. Ya kai kunnensa da sauri, ya tarar da ƙarshen addu'a, sai ƙarar maɓallin rediyo, sai takun Hamdiya tana dawowa.

"An gama? Wa aka samu?"

"Ban ji ba," ya ce. "Raɗa ya yi. Mayar da shi baya, ki ƙara ƙarfi, ki saurara ke ma, ba yadda za a yi."

"Bukari," in ji Ruwaida.

Ya juyo. Ba ta motsa daga yadda take ba, kumatunta a jingine da kan yarinyar, kunnenta bai fi tsawon yatsa daga tarhon ba. Hawaye yana gangarowa yana shiga gashin jaririyar.

"Na ji. Ba da gangan ba, a nan kaina yake. Halimatou ya ce. Sau uku ya faɗa."

Sunan mahaifiyar Bukari ne, wadda ta rasu yana shekara goma sha biyu. Tun ranar da aka kai ta bai ƙara jin sunan a bakin Baba ba, yau ma da aka faɗa sau uku bai ji ba. Ya zauna a bakin gado. A cikin tarho Hamdiya tana ta cewa alo, alo, sannan ta gane, ta ajiye.

"Akwai saura," in ji Ruwaida. Ta share fuska da bayan hannu, ta faɗa da Hausa tsantsa, a hankali, tana ajiye kowace kalma yadda ta ji ta. "Ya ce, Halimatou, ki gaida uwarki. Ki ce mata shekara biyu tana gidana ban ce mata sannu ba. Ki ce ta yafe wa tsoho."

Ita ce ta duba agogo, ta zaro takardar ungozoma daga aljihun rigar Bukari ta danƙa masa a hannu.

"Huɗu da kwata. Tashi ka je ka rubuta ta. In ka dawo ka nemo mini kaset da rediyo mai ɗauka, ka koya mini yadda ake gaida suruki, ni zan ba shi amsa da bakina."